Martani: Ba Sammako Ne Ya Yi Ƙaranci a Kura da Bunkure Ba

Malam, na karanta rubutunka a kan horon kai da ɗabi'un yau da kullum, waɗanda ka ce da su mutum ke gina kansa har ya cancanci shugabanci. Ka jero abin da kake so matashi ya riƙe: ya tashi kafin asuba, ya motsa jiki, ya yi karatu ko da shafi kaɗan ne, ya rubuta abin da yake son gamawa a yinin, ya rage zama da waya. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga ciki. Inda muka raba hanya shi ne inda ka kawo Kura da Bunkure a matsayin misali, ka ce ga ruwa ga ƙasa Allah ya hore wa mutane, amma talauci ya ƙi sakinsu saboda ba su hori kansu ba. Hujjarka kuwa ita ce samarin da kake gani zaune a inuwa da rana tsaka duk sanda ka ratsa Kura a kan titin Zariya. Maganar ta yi mini zafi, domin waɗanda ka yanke wa wannan hukunci iyayena ne da 'yan'uwana. Ta kuma dame ni, domin ta shafa magani a inda babu ciwo, ta bar gyambon a buɗe.

Wanda ka gani a inuwa da azahar, sau da yawa ya riga ya ci rabin yininsa a cikin ruwa. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke tsaga leɓe, mai alkama ko tumatir daga sallar asuba gona yake wucewa. Zai naɗe ƙafar wando, ya tsuguna a bakin ƙaramin kanal, ya nutsa bututun saifon har ya cika da ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo shi ya ƙetarar da shi kan gaɓa, sai ruwa ya kama zuba cikin gona. In iska ta shiga bututun, sai ya sake daga farko. Haka zai yi wa na biyu da na uku, hannu na rawa don sanyi. Sannan ya ɗauki fartanya ya bi ruwan, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan, har ƙafafunsa su daina jin taɓo. Kafin rana ta take ya gama, ya fito bakin titi yana jiran motar da za ta ɗauki kwandunansa zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ko yana jiran dillali. A nan ka same shi.

Noman rani kuma ba ya karɓar uzuri. Alkama sanyi take so, wanda duk bai shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba ba, zafin bazara zai riske ta kafin ƙwaya ta cika. Irin shinkafa in ya haura sati uku zuwa huɗu ba a cire shi an dasa ba, ya tsufa, ba zai hayayyafa yadda ake so ba. In ta fitar da kai kuma, sai jan baki ya sauko, a tsare gona da gwangwani da igiya da ihu tun fitowar rana har faɗuwarta, kullum, sai ranar da aka sa mata lauje. Tumatir in ya nuna ba ya jiran gobe. Ka shiga lungunan Kura ka ga matan da ke turara shanshera: su jiƙa ta da dare, su hura wuta tun kafin kiran sallar farko, su shanya, su juya, su kwashe, su kai inji, gobe ma haka. Babu wanda ya rubuta musu jadawali, kuma a rubutunka ko sau ɗaya ba ka ambace su ba.

To, in sammako da naci sun wadata haka, me ke cin guminsu? Kafin a amsa sai an san yadda ruwan ke zuwa.

Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga wadda aka kammala a 1974. A Kadawa aka fara gwajin noman, injiniyoyin ƙasar Holan suka zana tsarin, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi aikin. An yi niyyar shayar da hekta 22,000 a zangon farko, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, amma shekaru da dama abin da aka iya gyarawa bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Ruwan yana tasowa daga Tiga, ya sauka tafkin Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, sannan ya yi ta rarrabuwa zuwa ƙananan kanal har ya kai bakin gonar mutum. Ba inji ke tura shi ba, gangare kawai yake bi. An ma haƙa tafkunan da za su tara wanda ke gudu da dare, domin a yi ban ruwa da shi da rana. Saboda haka duk ɗigon da ya iso gonarka, ta gaban gonar wani ya wuce, kuma da yardarsa ya wuce. Kamar kwanon tuwo ne a gidan gandu: in wanda ya fara sa hannu ya cika loma, autan gida ne zai kwana da yunwa.

Akwai wani dattijo, maƙwabcin gonar gidanmu, wanda Allah ya sa gonarsa ta faɗo a ƙarshen kanal. Ban taɓa sanin mutumin da ya kai shi tsare lokaci ba. Wata shekara tumatirinsa ya fara fure, ranar ruwansa ta zo, ya jera bututunsa tun da duhu, kanal kuwa a bushe, sai laka mai tsagewa. Ya jira har hantsi, shiru. Da dare ya ɗauki tocila ya bi gaɓar kanal da ƙafa yana hawa sama, yana haskawa, har ya tarar da abin da ya zata: buhuna cike da ƙasa an jera su a tsakiyar kanal, ruwa ya taru ya juya cikin wata gonar shinkafa, ya cika ta ya tumbatsa yana malala kan hanyar mota. Ya tuɓe riga ya shiga ya janye buhunan shi kaɗai. Kafin ya koma gonarsa ya shayar da rabinta, an sake mayar da su. Furen ya zube a wannan makon.

Ga abin da nake so ka tsaya ka duba, Malam. Mutumin da ya jera buhunan nan ya cika sharuɗɗanka kaf. Ya fi kowa sammako, don shi ko barcin ma bai yi ba. Yana da buri a fili, yana da naci, ba ya zaman majalisa, ba ya ɓata lokaci da waya. In da ma'auninka za a auna, shi ne gwarzo, kuma shi ne wanda ka ce ya cancanci ya jagoranci wasu. Horon kan da bai wuce tsakanin mutum da agogonsa ba yana iya fitar da mutumin kirki, yana kuma iya fitar da azzalumi mai himma. A ƙasar ban ruwa, kamun kan da ake ƙishirwarsa shi ne ka cire bututunka in lokacinka ya cika alhali kana ganin gonarka za ta iya shan ƙari, ka fito yasar kanal ranar da aka sa ko da kai a bakin ruwa kake kuma toshewar ba ta taɓa ka ba, ka biya kuɗin ruwa ba sai an biyo ka gida ba. Wannan ya fi tashin asuba wuya nesa ba kusa ba, domin wahalar kai za ka sha, amfanin kuma a gonar wani za a gan shi.

Ba ina wanke mutanena ba ne. A wannan fanni muna da laifi, babba ma kuwa. Mu ne ke fasa gaɓar kanal don mu gajarce wa ruwa hanya. A cikinmu ake samun mai kwance ƙarfen ƙofar ruwa ya kai wa 'yan gwangwan. Mu ne ke barin bututu ya kwana yana zuba. Tsarin nan da alkama da kayan lambu aka yi lissafinsa a rani, yau kuwa kowa shinkafa yake so, wadda ke shan ruwa ninkin-ba-ninkin, har a jigawar da ba ta riƙe ruwa. Sakamakon yana nan a fili: gonakin kwari sun jiƙe sun ƙi bushewa, wasu sun fara fitar da kanwa, kacala ta cinye magudanai, sauro da tsargiya sun samu wurin zama. Ɓarnar kuma ba a kanmu take tsayawa ba. Kogin Kano da aka datse a Tiga shi ne ke haɗuwa da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan da ya kwana yana malala a kan hanya a Kura, akwai masunci da makiyayi da manomi a can ƙasa da ke jiransa.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka tambayi wanda ke cika gonarsa fiye da kima me ya sa, zai ce maka bai san ranar da ruwa zai sake zuwa ba. Wannan amsa ita ce gindin matsalar. Manomin da ya tabbata ruwa zai iso ranar da aka ce, zai sha daidai bukatarsa ya saki. Wanda aka saba yi wa alkawari ana saɓawa kuwa, zai kwashi na yau da na jibi, na bayansa ya ga haka shi ma ya kwasa, har abin ya zama al'ada, wanda ya kame hannunsa a riƙa ganinsa wawa. Haka abin yake a taki da ke isowa bayan shuka ta wuce lokacin bukatarsa. Haka yake a bashin noma: shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya zuba kuɗi masu yawa a noman shinkafa, kaso mai tsoka na bashin kuma bai dawo ba, manoma na kukan kayan ba su zo a kan kari ba, masu bayarwa na kukan manoma sun mai da shi rabon ganima. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowane ya koyi rashin cika alkawari daga ɗan'uwansa. Kai kuwa duk nasiharka a kan saurayin da ke inuwa ta sauka. Mai riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa, da mai sa hannu a takardar taki, da shugaban ƙungiya, ba ka ce musu uffan ba, alhali ɗabi'arsu ta yau da kullum ita ce ke tsara ta dubban mutane.

Akwai kuma abin da himmar mutum ɗaya ba ta tare shi ko kaɗan. A 2016 masana'antar tumatir ta Dangote ta fara aiki a Kadawa, an gina ta don ta sarrafa tan 1,200 a kullum, manoma suka sa rai cewa zamanin zubar da tumatir a bakin titi ya wuce. A wannan shekarar ce tsutsar nan da muke kira sharon ta afka wa gonaki, ta cinye ganye da 'ya'ya cikin 'yan kwanaki, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar kuma ta tsaya, ta kuma sha tsayawa bayan nan. Sharon ba ta tambayi wa ya yi sammako ba. Abin da ke rage mata ƙarfi shi ne abin da ake yi tare: a yi dashe kusan lokaci guda, a kwashe karmamin tsohuwar gona a ƙone, a daina yi mata feshi da magani iri ɗaya har ta saba da shi. In ka yi duk wannan maƙwabcinka bai yi ba, daga gonarsa za ta taso ta sauka a taka. Haka da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, masu ban ruwa da inji a wajen kanal suka rage gona ba don sun zama malalata ba.

Wannan ba mu kaɗai ya shafa ba, kuma waɗansu sun samo bakin zaren. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta daɗe tana nazarin yadda jama'a ke raba abin da suka yi tarayya a kansa. Ita da abokan aikinta sun duba hanyoyin ban ruwa a ƙasar Nepal, suka tarar cewa waɗanda manoma ke gudanarwa da kansu, ko da da duwatsu da itace aka tare ruwan, sun fi kai ruwa ga na ƙarshen kanal a kan waɗanda gwamnati ta gina da siminti. Dalili shi ne na bakin ruwa yana bukatar hannun na ƙarshe wajen gyara duk shekara, don haka ba ya iya cin haƙƙinsa, dokar kuma su suka kafa ta, su ke sa ido a kanta, wanda ya karya a ci shi tara daidai laifinsa. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen, har yau kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana, wakilai takwas da manoma suka zaɓa daga cikinsu suna zama a ƙofar babbar majami'ar garin su yi shari'ar rikicin ruwa, da baki, a gaban kowa, a yanke nan take. Da yawa daga masu tarihi na danganta asalin wannan zama da zamanin Musulmi a Andalus. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne ranar ba ta canzawa. Wanda aka zalunta ya san inda zai je da lokacin da zai je. Dattijon da na ba ka labari da yana da irin wannan Alhamis, da bai shiga kanal shi kaɗai da tsakar dare ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. Kakanninmu da ke ban ruwa da jigo a fadama sun san gayya, sun san sarkin noma, sun san kunyar a ce kai ne ba ka fito ba. Abin da ya faru shi ne da aka kawo babban aiki daga sama, mutane suka ɗauka kanal na gwamnati ne, gyaransa ma nata ne, gwamnati kuma kuɗin gyara ya yi ta raguwa a hannunta. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, na kusan dala miliyan 500, wanda ya haɗa da aikin Kogin Kano da na kwarin Haɗeja da Bakolori, ya gyara kanal da ƙofofi da hanyoyi, ya kuma ɗora kula da ƙananan kanal da tara kuɗin ruwa a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Siminti sabo zai sake cika da laka, kacala za ta sake tsirowa, wannan babu makawa. Ko aikin zai ɗore ko zai koma gidan jiya, ya rataya a kan ɗabi'un shugabannin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a nan ne nake ganin makarantar shugabancin da kake nema take.

Ka ce shugaba shi ne wanda ya ci nasara a kan ransa. Na yarda, amma ina so a faɗi inda ake gane hakan. Ana gane shi ranar da shugaban ƙungiya, wanda galibi babban manomi ne mai gona a bakin ruwa, ya ga shinkafarsa tana bukatar ƙarin awa biyu, ya rufe duk da haka saboda lokacin na ƙasa ya shiga. Ana gane shi in ɗan yayansa ne aka kama da buhu a kanal, ya ci shi tarar da zai ci bare. Ana gane shi in ya kira taro bayan la'asar, la'asar ɗin ta same shi a wurin, ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, naira da kwabo, ya miƙa rasit ga duk mai son gani. In ya yi haka rani uku a jere, ba sai ya yi wa kowa wa'azin horon kai ba, samarin sashensa za su ɗauka daga gare shi, domin sun ga cewa wanda ya bi layi ba ya asara. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma haƙƙin maƙwabci yana cikin abin da suka fi tsoratar da mu a kansa. Ban ga dalilin da zai sa mu raba biyun ba in mun zo bakin kanal.

Abu ɗaya a jerin naka nake so ka riƙe da ƙarfi, shi ne rubutu. A nan kam muna da rauni na gaske. Manomi zai kashe kuɗin haya, da na haro, da iri, da 'yan dashe, da buhun kamfa da yuriya, da feshi, da masu yanka da casa, da buhu da dako, bai rubuta ko ɗaya ba. Ranar da ya sayar ya ga damin kuɗi sai ya ɗauka duk riba ce, ya sayi babur ko ya ƙara aure, lokacin shuka ya zo ya koma wurin dillali neman bashin da zai biya da shanshera a farashin kaka. Littafi ɗan ƙarami da biro za su hana da yawa daga wannan. Ƙungiyoyin ma haka: da yawa suna da mutanen kirki masu son gaskiya, amma ba su da wanda zai tsara musu jerin sunayen manoma da girman gonar kowa, da ranakun ruwan kowane layi, da wanda ya biya da wanda ake bi, a manna a inda kowa zai gani. Samarin da ka ce waya ta cinye su, wannan aiki nasu ne, kuma da wayar za su yi shi, in an samu wanda ya zauna ya nuna musu.

Ana yasar kanal bayan an yanke shinkafar damina, kafin a shiga shukar alkama. Lokacin ne ake taruwa, ake faɗan kuɗin bara, ake sa ranakun ruwan bana. Kai mai ilimi ne, Malam, ka iya rubutu da lissafi, kuma daga Kano zuwa Kura tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce. Ka zaɓi sashe ɗaya, ko a reshen gabas ko a na yamma, ka fara da gonakin ƙarshen kanal, ka tambayi masu su sau nawa ruwa ya iso musu a ranarsa a ranin da ya wuce, sannan ka nemi shugaban ƙungiyar ya buɗe maka littafin kuɗin ruwa ku duba shi tare.